Malam Garba, Wanda Ya Wanke Rigar Babaji

Da an fito sallar asuba, Malam Garba zai biyo ta Ƙofar Sauri da tsintsiya a hammata, ya nufi filin ƙwallon kwando na kwalejin da ya tsufa yana yi wa hidima. Ya share, ya ɗaure ragar da ta tsinke, ya ba ƙwallaye iska, sannan ya zauna gaban baho yana wankin rigunan 'yan wasa. A watan nan yake ajiye aiki, har yau kuwa ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba.

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, yaran kwalejin nan ba mai iya tare su. Sun ɗauki kofin shiyya, sun maimaita, sun jera nasarori har masu ƙirge suka gaji. Amma akwai maganar da ba a yi da ƙarfi. Tun ranar da kyaftin ɗinsu Babaji ya yanke jiki ya faɗi ana cikin wasa, rai ya yi halinsa, abokansa suke shimfiɗa rigarsa a kan benci da guminta, suka kuma hana a wanke. Daga nan ba a sake cin su ba. Baƙin da suka zo wasa sukan rantse sun ƙirga mutum shida a fili, alhali biyar ke bugawa. Shi kansa Garba, in ya ɗauko rigar da tsakar rana, sai ya ji ta a jiƙe kamar yanzu aka tuɓe. Tsoronta yake ji, bai kuma taɓa ɓoyewa ba.

Ƙungiyoyi huɗu suka rage a gasar kwalejoji, kowace da kofin shiyyarta da cika bakinta. Ana gobe wasan kusa da na ƙarshe, wata tsohuwa ta yi sallama a bakin fili. Indo ce, mahaifiyar Babaji, ta tako a ƙasa tun daga Ƙofar Guga. Bayan doguwar gaisuwa ta ce:

"Malam, kullum sai na gan shi cikin barci shina haki. In ce mashi zamna, shi ce ba a canje shi ba tukuna. Kayanshi duk an wanke an yi sadaka, saura wagga riga. Ku bar mani yaron shi huta."

Garba ya san abin da zai biyo baya, amma ya tsoma rigar cikin baho. Yana cikin cuɗawa sabon kyaftin, Ɗanliti, ya iso ya yi tsaye a kansa.

"Baba, mi kake yi? Kofi ne fa ka zubar a kwata."

"Ɗanliti, kofi baɗi ma akwai shi. Ita ɗa guda gare ta, shi ma kun riƙe mata."

Washegari aka ci su, ci na fitar hankali. Samari masu tsawon ƙafa da gajeren tunani suka daina gaishe shi, wasu har cewa suka yi da baƙi ya haɗa baki. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don da hannunsa ya raini yawancinsu a filin nan.

Kai ne, Garba, ka ji kukan tsohuwa a ranar da duk gari ke sauraren ganga. Kai ne ka yarda a yi fushi da kai don uwa ta runtsa. Na Ƙofar Sauri, mai wankin da ba a gode ba, yau mun gode. Allah ya sa ka huta lafiya, ya ba masu tasowa zuciya irin taka, su san akwai abin da ya fi ci.

Wanda ke tambayar me Garba ya samu a wannan gasa, ga shi. Bayan 'yan kwanaki Indo ta dawo, ta tsaya a bakin fili, ko zama ba ta yi ba.

"Malam," ta ce, "na gan shi jiya. Ya zamna."