Awon Burtalin Wurma

Na yi aikin safiyo tun ina saurayi har na yi ritaya, kuma mafi yawansa a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi na yi shi. A makarantar mishan aka koya mini cewa aikin da ba a duba shi sau biyu ba, ba a gama shi ba, kuma ban taɓa samun dalilin sauya wannan ra'ayi ba. Da wannan tarbiyya na auna burtalan yankinmu, wato hanyoyin da aka keɓe wa shanu a tsakanin gonaki domin su isa mashaya ba tare da sun shiga amfanin kowa ba.

A shekarun ƙarshe na aikina wani shirin raya noma ya kawo wa ofishinmu kwamfuta, babba, mai nauyi, wadda ƙwaƙwalwar cikinta ba irin ta sauran kwamfutoci ba ce. A cikinta na shigar da kowane awo, dutse bayan dutse. Manhajar awon tana adana bayani ta hanyar da ita kaɗai ke iya karantawa, ita kuma ba ta aiki sai a kan irin wannan ƙwaƙwalwa. Shirin ya ƙare, gara ta ci takardun asali a ɗakin ajiya, daga baya kwamfutar ta mutu. Abin da ya rage shi ne faifan da na kwafa na ajiye a gida.

Ɗan ƙanena ne ya fitar da ni. Ni na riƙe shi tun bayan rasuwar mahaifinsa, yanzu kuma malami ne mai koyar da ilimin kwamfuta, magidanci da 'ya'ya huɗu. Ya sa mini wata manhaja a ƙaramar kwamfutata, wadda ke kwaikwayon tsohuwar na'urar har manhajar awon ta ɗauka a gidanta take. Ya bayyana mini cewa ba a sayar da ita, masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban ke rubuta ta, kuma kowa yana iya duba cikinta ya gyara. Ɓangaren da ke kwaikwayon irin na'urata ba shi da mai kula da shi, sai ya karɓa, aka rubuta sunansa a kai. Na ji daɗin wannan ƙwarai, ko da yake ban faɗa masa ba. Abin da nake ba shi shi ne jerin kurakuran da na gano, a rubuce da hannu, da lamba a gefen kowanne, shi kuma ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihu.

Ina da al'ada guda. Kowace Asabar ta farkon wata nakan goge kayan awona, in shafa musu mai, sannan in sabunta manhajar kwaikwayon. A tunanina sabon bugu gyaran tsoho ne, kamar yadda littattafan lissafinmu na makaranta suke: bugu na biyar yana ɗauke da duk abin da ke cikin na huɗu, ban da kurakuransa. Ban taɓa zaton akwai bugun da ake cire babi gaba ɗaya ba.

Wata bazara, hadari ya fara haɗuwa da yamma amma ruwa bai sauka ba, sai ga Arɗon wata ruga ta wajen Wurma ya iso gidana. Tsohon abokina ne, shi ya riƙe mini bakin sarƙar awo ranar da muka auna burtalinsu, muna da ƙarfinmu. Bayan mun gaisa ya ce wani baƙon manomi ya sayi gonar da ke gefen burtalin, ya share ƙasa har ya cinye hanyar, duwatsun iyaka kuma babu su. Sun kai ƙara wurin mai gari, mai gari ya ce a kawo awon asali kafin a yi shuka. Dalilin sananne ne gare mu duka: a ƙasarmu idan iri ya shiga ƙasa ba a tuge shi, ko da mai shukar ba shi da gaskiya, sai an jira girbi. Idan burtalin ya toshe, shanun rugar ba su da hanyar zuwa mashaya duk damina.

Na ce masa ya koma ya kwantar da hankalinsa, gobe da hantsi takarda za ta same shi.

Da ya tafi na kunna kwamfutar. Manhajar ta buɗe, amma a jerin na'urorin da take kwaikwaya babu tawa. Na karanta jerin daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama. Sannan na nemi bayanin da ake haɗawa da kowane sabon bugu, wanda ban saba karantawa ba saboda na amince. A can na ga layi ɗaya: an daina tallafa wa wannan tsohuwar ƙwaƙwalwa, an cire ɓangarenta.

Masu manhajar suna tattaunawa ta wasiƙun imel da kowa ke iya karantawa, don haka na bi sawu. Watanni da dama kafin nan wani daga cikinsu ya yi tambaya cikin ladabi, ko akwai wanda har yanzu yake amfani da wannan ɓangare, domin ɗaukarsa yana jinkirta musu aiki. An ba da wa'adi. Amsa guda ce ta zo, daga mai kula da ɓangaren. Ya rubuta cewa shi bai san kowa da ke amfani da shi ba, kuma ya yarda a cire.

Na buga wa ɗan ƙanena waya. Yana wani taro a kudu, ya ce ba zai dawo ba sai bayan mako guda, kuma mayar da tsohon bugu a kan kwamfutata aiki ne da sai ya zauna a gabanta. Ya yi ƙoƙarin bi da ni ta waya, muka ɓata yini biyu, abin bai yiwu ba. Na je wurin mai gari da kaina na shaida masa faɗin burtalin kamar yadda na tuna. Ya saurare ni da girmamawa, amma ya ce manomin yana da takardar saye, baki kuma ba ya ture takarda. Ban yi musu ba, domin ni ma da ina kujerarsa abin da zan faɗa ke nan.

A rana ta shida ruwa ya sauka. Washegari manomin ya shuka gero.

Ɗan ƙanena ya iso bayan kwana uku da shukar. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa. Na miƙa masa wasiƙarsa da na buga a takarda, na ja layi a ƙarƙashin jimlar.

"Malam," na ce masa, kuma ban taɓa kiransa haka ba, "ni ne kowan da ba ka sani ba?"

Ya karanta wasiƙar. Sannan ya ce shekara da shekaru shi kaɗai ke ɗauke da ɓangaren, kowane sabon bugu sai ya karye ya gyara, ga darussa, ga iyali, ya gaji. Ya ce da ya rubuta cewa akwai mai amfani da shi, da an ce to ya ci gaba da riƙewa.

"Baba, sau uku ina zuwa gidan nan don in faɗa muku. Kowane zuwa sai ku miƙo mini sabon jerin kurakurai. Ta ina zan fara? Na yi niyyar in hana kwamfutarku sabuntawa a ɓoye, sai na manta."

Na ce masa gajiya ba laifi ba ce, kuma da ya ajiye aikin a fili da ban riƙe shi ba. Amma an tambaye shi tambaya a gaban mutane, ya ba da amsar da ya san ba gaskiya ba ce, kuma ya zaɓi ya gyara abin a bayan idona kamar yadda ake ɓoye wa mara lafiya magani a cikin koko. Kunyar da ta hana shi faɗa mini magana a zaure ba ta hana shi share ni a gaban baƙi ba. Waɗancan baƙin ban ga laifinsu ba. Sun tambaya, sun jira, an amsa musu.

Cikin awa biyu ya mayar da tsohon bugun. Awon ya fito kamar ranar da na shigar da shi, ya nuna manomin ya shiga burtalin da taku goma sha huɗu. Ya kuma fitar mini da dukan sauran awon a takarda, abin da ya kamata mu yi tun farko, kuma wannan sakacin nawa ne kamar yadda yake nasa.

Na kai takardar Wurma da hannuna. Mai gari ya karanta, manomin ma ya karɓa ba gardama, aka ce bayan girbi za a mayar da duwatsu. Arɗo ya yi mini godiya mai tsawo, wadda ta fi mini zagi ciwo. Mutanen rugar ba su iya jira ba. Kafin gero ya kai gwiwa sun kwashe rugar, suka nufi yamma, wajen dajin da masu hankali ke gudu a wannan zamani, domin can ne kaɗai suka sami ruwa da hanya.

Bayan girbi na je muka kafa sababbin duwatsu, ɗan ƙanena yana riƙe da bakin sarƙa, muna magana a kan awo kawai. Burtalin yana nan a buɗe, daidai faɗinsa. Na aika wa Arɗo saƙo ta bakin masu zuwa kasuwa cewa hanyarsu ta dawo. Damina biyu ke nan, ba su dawo ba, amsa kuma ba ta zo ba.