Ranar da Talabijin ɗin Inna Ishatu Ya Ƙi Kamawa

A Tudun Wada ta Zariya, idan baƙo ya tambayi gidan Inna Ishatu, ba a yi masa dogon kwatance. Ana nuna masa bakin lungun ne, a ce ya bi ƙamshi.

Turaren wuta take haɗawa. A Gyallesu aka haife ta, a hannun goggonta ta koyi yadda ake jiƙa itacen sandal da na hawi, a soya su da sukari, a bi su da madarar turare. Aure ya kawo ta Tudun Wada. Da mijinta Malam Kailani direba ya rasu, da wannan sana'a ta riƙe gidan, ta kai autarta Bahijja har jami'a. Ba abin da ke shiga ɗakinta ya fita bai sha hayaƙi ba: labule, darduma, zanin gado, har takalman baƙi.

Bahijja ta samu aiki a wani gidan talabijin a Kaduna. Ta daɗe tana rubuta labarai, wasu su karanta. Sai wata Laraba da safe ta bugo waya.

"Inna, yau ni zan karanta labaran ƙarfe huɗu. Kai tsaye!"

"Ke da kanki? Da fuskarki?"

"Da fuskata, Inna. Kar ki tara mini jama'a dai."

Kafin azahar Inna Ishatu ta tara jama'a. Ta aika gida-gida, ta dama kunun aya, ta shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa. Shirin ba a maimaita shi, kuma idonta ba ya ganin abu a ƙaramin gilashin waya. Ko ta ga 'yarta a talabijin ɗinta yau, ko karon farko ya wuce ta har abada.

Bayan azahar ta yaye ƙyallen da take rufe talabijin da shi, ta danna rimot. Shiru. Ta sake dannawa. Ko ɗan jan hasken nan na ƙasa bai kawo ba.

"Wutar ce ba ta da ƙarfi," in ji wata.

"Ga fanka na juyawa kamar za ta tashi sama, ki ce wuta?" in ji Hajiya Naja'atu, maƙwabciyarta kuma abokiyar tsokanarta tun suna amare. "Ba ni rimot ɗin nan."

Ta buga shi a tafin hannu, ta juya batura, ta ciro na tocila ta saka. Ba labari. Aka zare filogi aka soka cajar waya a soket ɗin, waya ta kama caji. Aka danna maɓallin jikin talabijin ɗin, aka riƙe. Gilashi baƙi ƙirin.

"Ku zo gidana mana," in ji wata.

"Mu nawa ɗakinki zai ci? Kuma naki ba ya kamo tashar Kaduna, ke kika faɗa," in ji Inna Ishatu.

Inna Ishatu ta yafa mayafi, ta tare acaɓa da kanta, abin da aka daɗe ba a ga ta yi ba. Shagon Udoka mai gyaran rediyo da talabijin ta nufa, a bakin titi. A Sabon Gari aka haifi Udoka, Hausarsa ta Zazzagawa ce tsantsa.

"Udoka, ajiye abin da kake yi. Ƙanwarka za ta fito a labarai."

"Bahijja? Inna, ai sai ki ce in rufe shago!"

Ya rufe shi kuwa. Saboda ɗakin cike yake da matan aure, aka sauko da talabijin daga bango aka kawo masa zaure. Ya gwada wata igiyar wuta da ya zo da ita, bai kama ba. Ya kife shi a kan tabarma, ya kwance kusoshi, ya ɗaga murfin baya. Sai ya ja da baya yana dariya.

"Inna, wannan talabijin ne ko amarya?"

Ƙamshi ya cika zauren. Ramukan da iska ke shiga ta baya duk sun toshe da wani baƙin danƙo. Allon da ke karɓar wuta ya yi maiƙo, ƙura ta manne masa kamar auduga.

"A ina kike ajiye kaskon turare?"

"A ƙarƙashinsa mana. Daga nan hayaƙi ke cika ɗaki. In na rufa masa ƙyalle ya fi riƙe ƙamshi."

"Kullum?"

"Safe da yamma. Yau ma na ƙara masa, tunda ranar Bahijja ce."

Daga bayan labulen ƙofa Hajiya Naja'atu ta ɗaga murya. "Na faɗa miki, Ishatu! Wata rana firij za ki turara!"

"Ke dai yi shiru, da kike zuwa aron ƙamshin!"

Udoka ya nuna mata wasu ƙananan abubuwa biyu masu kamar gwangwani a jikin allon. Kawunansu sun kumbura. Ya ce hayaƙin turare yana da mai, man ya toshe hanyar iska, zafi ya taru ya dafa su. Irinsu na cikin jakarsa. Ya jona ƙarfen dalma ya yi zafi, ya jiƙa tsohon burushin haƙori da sifirit ya shiga wanke allon.

Aka kira la'asar. Mata suka yi salla a gurguje, suna sallamewa suna leƙen zaure. Inna Ishatu ta tsuguna gefen Udoka da mafici, tana fifita allon ya bushe.

"Yi sauri, ɗan nan."

"Inna, in na jona shi da danshi, sai dai ki ji labarai a bakin maƙwabta."

Ya cire kumburarrun, ya liƙa sababbi. Wata ta duba waya ta ce huɗu ta yi. Ba lokacin mayar da murfi, balle a koma da shi bango. Udoka ya jingina talabijin da bangon zaure, ya jawo igiyar eriya ta taga, ya soka filogi.

Jan haske ya kawo.

"Ya kama! Wallahi ya kama!"

Gilashin ya yi shuɗi, ya washe. Ga Bahijja zaune a bayan tebur, da ɗankwali ruwan toka, tana karanta labarin rabon takin zamani, ba gargada ko ɗaya.

Hajiya Naja'atu ta rangaɗa guɗa. Mata suka ɓarko daga cikin gida suka cika zauren, masu wucewa suka yi cirko-cirko a ƙofa, wani mai keke-napep ya kashe injinsa ya leƙo. Ba wanda ya ji ko buhu nawa aka raba. Udoka ya buɗe hannuwa ya tare bayan talabijin yana ihu kar kowa ya taɓa, akwai wuta.

Inna Ishatu ba ta yi guɗa ba. Ta matso har gaban gilashin ta zauna dirshan a ƙasa, maficin na hannunta. Da aka nuna sunan 'yarta a rubuce a ƙasan hoton, ta sa aka karanta mata shi da ƙarfi. Ta juyo ta dubi cunkoson da ke bayanta, idonta ya kawo ruwa.

"Ku yi mini shiru mana," ta ce. "Yarinya na magana."