Sai da Na Sa Takalmin Kafin Na Faɗa

Ranar wata Laraba ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu a firamare, ina tsaye a ƙofar gidanmu a Samaru da bokitin ruwa a ka, Baba ya tayar da babur ɗinsa ya ɗora ƙanwata Ummi a gaba, kan tankin mai, ya lulluɓe ta da rigar ruwansa saboda yayyafi. Sabon Gari za su, wurin likita. Karo na uku ke nan a wannan damina. Na bi su da kallo har suka sha kwana ta wajen masu gasa masara, ruwan bokitin yana gangarowa a wuyana.

Ummi tun tana jaririya cikinta bai taɓa zama lafiya ba. Yau gudawa, gobe kumburi, jibi ta ci ɗanyen mangwaro ta kwanta tana murƙususu. Saboda haka duk aikin gida a kaina ya ƙare: ni ce ɗibar ruwa, ni ce kai niƙa, ni ce cirar ciyawa a 'yar gonar kuɓewarmu ta bayan gida, ni ce wanke tukunyar tuwo mai ƙanzo. Ita kuwa tana kan tabarma a inuwar darbejiya, an dama mata koko da sukari. In na yi ƙunƙuni Mama ta ce, "Ke Hajara, lafiya ai ita ce rabonki, ki gode wa Allah." Wallahi a lokacin da za a ba ni zaɓi, ciwon zan ɗauka in bar mata lafiyar. Ban taɓa hawa babur ɗin nan ba sai ranar Sallah, shi ma a baya, a matse tsakanin Baba da Mama.

Da abin ya ishe ni sai na ƙirƙiri nawa ciwon. Wata safiya na riƙe ciki na ƙi tashi, na yi ta nishi har Baba ya fasa zuwa aiki ya ɗauke ni. Asibitin likitan wani tsohon gida ne mai rufin kwano, Baba ya ce tun zamanin da aka shimfiɗa layin dogo, lokacin da kakansa ya zo Sabon Gari aikin jirgi, gidan yake tsaye. Likita Dogo ake ce masa, kuma shi yake duba duk gidanmu. Bai taɓa ni da fari ba, tambaya ya yi ta jero mini. Tun yaushe? Nuna mini wurin da yatsa ɗaya. Yana murɗawa ne ko yana suka? Me kika ci jiya? Kin yi amai? Yaushe kika yi bayan gida, kuma wane launi ne, akwai jini ko majina? Na yi ta ƙirƙiro amsa, duk abin da na taɓa ji a bakin Ummi na kwaso. Ya ja fatar idona ya duba, ya ce in fito da harshe, ya sa mini ma'aunin zafi a hammata. Sannan ya kwantar da ni, ya murza tafukansa su yi ɗumi, ya fara danna cikina a hankali daga nesa da inda na nuna, yana tambayata sunan malamar lissafi. Idonsa a kan fuskata yake, ba a kan cikin ba. Ina cikin ba shi labarin malama ya danna daidai wurin, ni kuwa na manta ban yi ƙara ba.

Ya ce in sauko in yi tsalle da ƙafa ɗaya. Ni da ba a cin ni a 'yar gala-gala, na yi har goma. Ya yi murmushi, bai tona ni ba. Ya dai juya ga Baba ya ce, "Malam, wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda nake tsoro shi ne ciwon da ya fara a cibiya ya gangara dama, yaro ya ƙi abinci, ya kasa tsalle. In ka ga haka kada a ba shi kanwa, kada a jira, a kawo shi." Na dawo gida da maganin tsutsa mai ɗaci da rabin burodi, da kuma wani tunani da na riƙe shekara biyu: in ni na iya yin ƙarya, ita ma ta iya.

Da na ci jarrabawar shiga sakandare Baba ya yi mini alkawarin takalmi, ya ce ranar Asabar ni kaɗai zai kai kasuwar Sabon Gari in zaɓa da kaina. Da sassafe ranar Ummi ta ture kokonta. Ta yi amai sau ɗaya a bayan ɗaki, ni kaɗai na gani, na rufe da ƙasa. Ta ce mini cibiyarta ke ciwo, can da hantsi ta ce ya koma dama. Na zana gala-gala a tsakar gida da gawayi na ce ta zo mu yi, don in gwada ta. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta sauke, ta durƙusa tana riƙe da gefen cikinta, gumi ya keto mata. Na sani. Ba zan ce ban sani ba. Amma babur ɗin yana jingine a zaure an wanke shi, kuma na san in na buɗe baki ita za ta hau. Da Mama ta tambaye ni me ke damunta, na ce, "Baƙin ciki take don ba da ita za a je ba." Mama ta jiƙa mata jar kanwa, mu kuma muka tafi.

Na zaɓi takalmi mai ruwan ƙasa da maɗauri a gefe, na sa shi a ƙafa tun a rumfar. Sai da la'asar, da muka biyo ta layin asibiti, Baba ya tsaya gaida Likita Dogo, kamar yadda ya saba, likitan ya tambayi lafiyar 'yar gidansa Ummi, na ji bakina ya ce, "Ta kasa tsalle." Ya ajiye kofin shayinsa. Tambayoyin nan ya sake jero mini, na amsa kowace daidai, har lokacin da ta yi amai. Ya ce wa Baba ya bar ni nan ya koma ya ɗauko ta a mota, kai tsaye babban asibiti. Ɗan hanjin nan da ake kira afendis ne, kuma kafin a shiga da ita ya riga ya fashe. Sati uku ta yi a kwance. Likita Dogo ya gaya wa kowa cewa ni na ceci ƙanwata, har yau a gidanmu haka ake ba da labarin. Ba wanda ya taɓa lissafa tsakanin hantsi da la'asar sai ni.

Makon jiya aka kira ni daga Basawa, inda Ummi take aure, cikinta ya kumbura tana ta amai. An sake yi mata aiki, likitocin suka ce hanjin ne ya manne a tabon tsohuwar fashewar. Likita Dogo ya rasu, likitocin yanzu suna da na'urar da ke nuna musu cikin mutum a allo, sai dai ban ga wanda ya kalli fuskarta yadda shi yake kallo ba. Na shiga ɗakin na tarar da Baba, gemu duk furfura, yana zaune a bakin gadon yana shafa mata goshi yana kiranta Ummina. Na tsaya da kwanon abinci a hannu, ina roƙon Allah Ya tashi kafaɗunta, kuma a cikin wannan addu'ar, Allah Ya yafe mini, na so a ce goshina ne.

Ta samu sauƙi, jiya ta sha kunu. Ni ce har yanzu ban kai nawa ciwon, na zuci, an duba ba.