Dattijon da Ya Yi Shiru a Kan Shohag

Ina zaune ina jira a ofishin ƙungiyar matasa na Teknaf, wani gari na bakin teku, sai ga wani dattijo yana tsaye gaban teburin wata ma'aikaciya, gemunsa ja da lalle, bakin zanensa, irin wanda mazan garin ke ɗaurawa, jiƙe da ruwan sama. An ba shi kujera, ya ƙi zama. Ɗan sa kai ne, cikin waɗanda ake damƙa wa saurayi su riƙa sa masa ido. Hannayensa duk kanta, ina jin tsohon masunci ne.

"Chacha, tun farkon damina ba ka kawo rahoto ba," in ji ma'aikaciyar, tana kiransa Baffa da harshensu. "Yanzu ka ce Shohag, yaron da aka damƙa maka, ya bi jirgin masu safarar mutane zuwa Malesiya?"

"'Yata, na ga ya daina zuwa koyon gyaran inji, na ga baƙin fuska suna saya masa shayi. Tsoro na ji kada in faɗa ku cire sunansa daga cikin masu koyon."

"Da ka faɗa, ai da mun je gidansu."

Ya ciro wayarsa. Yana danna lambar Shohag, yana manna wayar a kunne da hannu biyu. Daga inda nake ina jin na'ura tana cewa wayar a kashe take. Ya sake dannawa.