Wasan da Na Goge Rabinsa

Mahaifina Bafillace ne daga arewacin Mayahi, wajen Issawane. Mahaifiyata kuwa ɗiyar manoma ce daga wani ƙauye kusa da Kona. Tun ina ƙarama akwai mutum guda a duniya da aka halatta mini in zaga son raina, shi ne ɗan kawuna, taubashina. Na girme shi da wata bakwai, kuma ban taɓa barinsa ya manta ba.

Shi yana ce mini Fillo mai warin man shanu, ni ina ce masa Kaɗo uban tuwo. Duk bikin da muka haɗu sai ya ɓoye mini takalma. Na taɓa dawowa daga sunan wata ƴar uwarmu ƙafa ba takalmi, rana tsaka, sai bayan kwana biyu aka gano su a cikin rumbu. Na rama da barkono a furarsa. Manya dariya suke yi, wanda ya yi fushi a cikinmu ma shi ake yi wa faɗa, a ce ba ya da zumunci.

Tare aka kai mu Tessaoua karatu, tare muka gama lise, wato sakandare, kusan tare muka samu waya. Wasan da muke yi a tsakar gida sai muka kwashe shi muka kai Fesbuk. Ba mu ga wani bambanci ba.

A wajenmu, bayan an gama girbi hukuma kan sa ranar sakin gonaki. Daga ranar dabbobi na iya shiga su ci kara da harawa, kafin ranar kuwa duk saniyar da ta taka gona ɓarna ta yi. Kakar shekarar da muka gama lise, shanun gidanmu suka sauko da wuri, biyu suka faɗa waken kawu. Mahaifina da kawu suka zauna gindin itacen bedi suka kashe maganar kafin la'asar. Mu ne ba mu bar ta ta mutu ba.

Taubashina ya sa hoton saniyarmu da ganyen wake a baki, ya rubuta: "Ga ɓarayin wake sun sauko. Ranar da na samu iko, kowane Bafillace sai ya kwana ɗaure da saniyarsa." Ni kuma na shiga ƙarƙashi na ba shi amsa. Na ce manoma ne suka cinye burtali da gatari da hauya. Na ce baɗi hatsi na tsaye za mu sako musu garke, abin da ya rage a rumbu kuma mu sa masa ashana, mu ga abin da Kaɗo zai tuƙa. Ya mayar, na mayar, har aka kira magariba. Duk wannan muna zaune kan tabarma ɗaya a gidan Inna kakarmu, muna cin gyaɗa a kwano ɗaya, yana rubutawa yana miƙo mini wayarsa in gani tun kafin ya aika. Na yi dariya har da hawaye ranar.

Shekara shida ta wuce. Na zama malamar lekol, makarantar firamare, mahaifina ya rasu, sannan aka ce za a ba ni direktiris, wato shugabar makaranta, a wani ƙauyen manoma na komin ɗinmu, ƙaramar hukumarmu. Wata tsohuwar malama da ta riƙe ni kamar ƙanwa ta ja ni gefe ta ce, kafin sunana ya fito in share duk wani shirme da na taɓa rubutawa, don yanzu mutane tono suke yi. Ban tsaya zaɓe ba. Lokacin da yara suka fita hutun ƙarfe goma na goge shafin gaba ɗaya, na koma aji na ci gaba da darasin lissafi. Wallahi ko sau ɗaya taubashina bai faɗo mini a rai ba.

Shi kuwa aikin gona ya karanta, ya dawo gida. Babu burtalin da bai bi da moto ba tsakanin ƙauyukanmu, ya san inda aka ci iyaka da wanda ya ci. Da aka tashi sabunta kwamitin sulhu na manoma da makiyaya, aka ba shi sakatare. Aikin ba na ado ba ne. Idan an yi ɓarna shi zai je gona ya auna ya rubuta abin da ya gani, kuma da takardarsa ake yanke magana. Shi ne yaro mafi ƙanƙanta da aka taɓa ba wa wannan kujera. Kawu ya yanka zakara biyu, ya yi ta yawo cikin gari yana amsa barka kamar shi aka naɗa.

Saura mako uku a saki gonaki hoton rubutun ya fara yawo a Wasap. Wani ma ya karanta shi da murya, ya juya shi Fulatanci don waɗanda ba su karatu. Har yau ban san wanda ya tono shi ba. An yi ta zargin wani da ya so kujerar, ni dai ban bi ba. Wata goggona ce ta turo mini daga arewa, ta ce, "Wanga ba ɗan kawunki ba ne?"

Na buɗe na duba. Ga saniyarmu, wadda tuni an sayar da ita. Ga maganarsa ta farko, ga sauran a jere ƙarƙashi, ɗaya bayan ɗaya. Nawa babu ko guda, sun tafi da shafina. Duk wanda ya karanta zai ga yaro ne ya zauna shi kaɗai tun azahar har magariba yana zagin Fulani, ba mai tanka masa. Na jira in ji gabana ya faɗi, bai faɗi ba. Na ajiye wayar na ci gaba da gyaran kayen ɗalibai, littattafan aikinsu, na gama su duka, har da na ajin da ba nawa ba.

Washegari taubashina ya zo lekol bisa moto. Ya tsaya bakin ofishina bai shigo ba.

"Fillo, kin gani?"

"Na gani."

"Laraba za a zauna gaban meri. Ki zo ki hwaɗa masu da ke nike. Ni ba ni da naki, kin goge."

"Wa ya ce ka bar naka shekara shida kamar shanyar kuɓewa?" Na faɗa don ya yi dariya, ya kuwa ɗan yi.

"Za ki zo?"

"In sha Allahu."

Ya juya moto ya tafi. Wannan ce rana ta ƙarshe da ya kira ni Fillo.

Ranar Laraba da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a rumfar gaban meri, ofishin magajin gari. Manoma gefe guda, makiyaya gefe guda, kawu can ƙarshe yana ta murza carbi. Arɗon da ke magana da yawun makiyaya ɗan wan kakana ne, Baffa nake ce masa, shi ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni. A cikin manoma kuma na hango shugaban iyayen ɗaliban lekol ɗina, dattijon da ya tara mutane suka yi mini dangar makaranta da karan gonakinsu. Bayan tabarmi samari ne tsaitsaye, na ɓangarorin biyu, kusan kowa ya ɗaga waya yana ɗauka.

Aka karanta rubutun da ƙarfi. Wanda ya karanta bai yi dariya ba, babu kuma wanda ya yi. Ban taɓa jin kalmomin nan ba tare da dariya ba sai ranar, kuma gaskiya ba su da daɗin ji.

Aka ba ni dama na tashi. Na ce taubashina ne, ni ɗiyar mace shi ɗan namiji, da ni yake, wasa ne irin wanda kowa a wurin ya taɓa yi. Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Na ɗauka an gama.

Baffa ya gyara zama ya ce, "Ɗiyata, ba ke za ki koya mani wasan taubasai ba, na yi shi tun ba a haifi uwarki ba. Amma wasan da na sani, ana hwaɗi ana mayarwa. Nan mutum guda muka ji. In da ke yake, ke mi kika ce mishi?"

Na san abin da na ce. Na san shi kalma bayan kalma, har da ashanar. Na dubi wayoyin nan a sama, na dubi shugaban iyayen ɗalibai. Na ga kaina kafin azahar ina yawo a Wasap, direktiris tsaye gaban meri tana cewa za a sa wa rumbunan manoma wuta, an yanke farko an yanke ƙarshe. Ban ji tsoro irin na bugun zuciya ba. Bakina ne kawai ya buɗe da kansa.

"Baffa, an daɗe. Na manta."

Baffa ya dube ni. Sannan ya juya wajen taubashina. "Kai hwa? Ka tuna abin da ta ce?"

Ya tuna. Mutumin da har yau zai gaya maka launin takalmin da ya ɓoye mini muna ƴan shekara tara. Ya ɗago ya dube ni, kallo gajere, ba harara ba roƙo.

"Ni ma na manta, Baffa."

Baffa ya ce shi a ransa ya yarda wasa ne. Amma ba shi zai tsaya bakin gona ba ranar da aka yi ɓarna. Samari ne za su tsaya da sanduna, waɗanda suka ji muryar nan a wayoyinsu, kuma duk abin da yaron nan ya auna za su ce ƙiyayya ce. Ya ce takardar da ɓangare ɗaya bai yarda da ita ba gara babu ita. Babu wanda ya musa. Ni ma da an tambaye ni a wani wurin, kan wani yaron, da haka zan ce.

Taubashina ya tashi ya ɗauko rajista da igiyar awo daga jakarsa, ya ajiye gaban mataimakin magajin gari, ya ce ya gode da amanar da aka ba shi. Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya tafi bai jira addu'a ba.

Na koma gida na ci shinkafa da wake, na ƙara. Na yi barcin rana. Da yamma na wanke kayan makaranta. Ina ta sauraron kaina ko wani abu zai motsa, shiru. Kwanaki na yi ina jin haushin masu tone-tone, waɗanda ba su da aiki sai bin tsofaffin shafukan yara suna neman abin da za su kayar da mutum. Har na shirya jawabi mai zafi a raina, cewa wanda bai taɓa yin wauta yana ɗan shekara sha tara ba ya fito. Amma haushin bai zauna ba, don duk inda na juya shi sai ya dawo kaina. Su rabin zance suka samu. Sauran rabin yana wajena, aka tambaye ni gaban jama'a na ce babu.

Na sha gaya wa kaina cewa ko na faɗa ba lalle ya tsira ba, wataƙila mu biyu za mu faɗi. Mai yiwuwa gaskiya ne. Ban gwada ba, don haka ban sani ba.

An saki gonaki lafiya a shekarar, wani ya riƙe rajistar. Taubashina ya rufe shafinsa, ya buɗe rumfar iri da taki a kasuwar Tessaoua. Ina nan ina direktiris. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko kawu. Na san haka ne don kawu har yanzu yana aiko mini da wake duk kaka.

Bara matarsa ta haihu, na je suna. Da gangan na sa sababbin takalma jajaye, na cire su daidai ƙofar ɗaki inda ba mai wucewa bai gani ba. Na same shi a tsakar gida yana raba goro. Na tattara abin da ya rage mini na ce, "Kaɗo uban tuwo, Allah ya sa dai jaririyar ba hancinka ta ɗauko ba."

Mata suka fashe da dariya suna jiran ya rama. Sai da ya waiga hagu da dama, ina jin wayoyi yake dubawa. Sannan ya ɗan rusuna ya miƙo mini goro da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Malama. Ya lekol? Ya yara?"

Na ce lafiya lau. Ya sa aka kawo mini kujera, aka ba ni fura mai sanyi. Na sha, babu komai a ciki sai sukari.

Na zauna a ɗaki har la'asar, na ƙi fitowa, ina ba shi lokaci. Da na fito na tarar da takalmana a inda na bar su. An ma kaɗe musu ƙura, an jera su an juya su suna kallon ƙofar gida, yadda ake yi wa baƙo. Na tsaya a kansu har wata mata ta ce in ba ta hanya. Sai na sa su na tafi.