Ranar da Na Kai Ƙarar Karen Dattijo

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da aka zaunar da ni a gaban mutum ashirin, kowa riƙe da kati biyu, kore da ja.

Shekara takwas na yi a wani ɗan akurkin ɗaki a unguwar Belleville ta Paris, ni da ɗiyata, kafin aiki ya kawo ni Lyon. A Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, na samu wani gidan tarayya: iyalai goma sha biyu, kowa da sashensa, amma babban kicin ɗaya ne, lambu ɗaya, kuma duk Asabar a ci abinci tare. Sabon shiga sai ya yi wata shida na gwaji, sannan a zauna a kansa. Jan kati ɗaya tak ya isa mutum ya tattara komatsansa. Ni kuwa na riga na saki ɗakin Paris, yarinya ta shiga makaranta, ba mu da inda za mu nufa.

Yayata da ke Paris ta ja mini kunne a waya: "Ke dai ki kama bakinki, kin jiya? Duk abin da sunka ce, ki ce dakor, wato to. Sai makulli ya shiga hannunki tukun."

Na kama kuwa, gam. Shara ni, ban ruwan lambu ni, a taro ba ni da magana sai "to". Abu ɗaya na ɓoye. Dattijon da ya kafa gidan yana da kare, in an gama cin abinci sai ya riƙa ajiye masa faranti a ƙasa yana lashewa, kafin a sa su a injin wanke-wanke. Tun ranar da na gani zuciyata ta tashi. Kowace Asabar sai in ce mun ƙoshi, in ɗiyata ta miƙa hannu in harare ta.

Saura kwana uku a zauna a kaina, matar da aka haɗa ni da ita don ta nuna mini ƙa'idojin gida ta tare ni a lambu. Ta ce, "Akwai masu shakka a kanki. Wata shida ba ki taɓa cewa a'a ba, ba ki taɓa cin abincinmu ba. Har yau ba mu san ki ba." Ashe ladabin da nake ta zubawa shi ke haƙa mini rami.

Ranar taron, dattijon ne da kansa ya tambaye ni, karen na kwance a ƙarƙashin kujerarsa: "Faɗa mana abu ɗaya da ba kya so a gidan nan."

Tsoro ya kama ni sosai. A Damagaram inda na tashi, ba a duban sa'an mahaifi a ido, balle a faɗi aibinsa cikin jama'a. In na yi shiru an kore ni, in na yi magana ga jan kati a hannunsa. Na hango ɗiyata ta taga tana lilo a lambu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Karenka, Baba. Ba zan iya cin abinci a farantin da ya lasa ba. Shi ya sa nake cewa na ƙoshi, kuma wallahi ƙarya nake, da yunwata nake tashi."

Fuskar dattijon ta yi jajir har kunnuwa. Na ce a raina, shi ke nan, kin kashe kanki. Aka ce a ɗaga kati. Kore, kore, kore, ina bi da ido ina salati, har saura nasa, katunansa duka biyun suna kan gwiwarsa. Ya dubi karen, ya daɗe, sannan ya ɗaga koren bai ko kalle ni ba.

Sati biyu bai amsa gaisuwata ba. Amma Asabar ta gaba na tarar an ajiye wa karen nasa kwanon daban a bakin ƙofa, ni da ɗiyata muka ci abinci har da ƙari.

Ranar na gane cewa kawaicin da aka raine ni da shi ba ko'ina yake zama mutunci ba. Masu son zama da kai har tsufa suna so su san abin da ke damunka. Wata shida na yi ina cewa "to" ina baƙuwa, ban zama 'yar gida ba sai ranar da na ce a'a.