Tambayar da Ban Yi wa Kawu Ba

Kafin in zama fursuna, ɗalibi ne ni. Gwamnatin jiharmu ta turo ni Manchester karatun injiniya, ina haya a Fallowfield, gidanmu kaf an zuba ido in dawo da digiri. Ko allura ban taɓa sata ba. Aibina ɗaya ne: in aka tambaye ni abu, sai na nuna na sani.

Akwai wani dattijo ɗan garinmu a unguwar Handsworth da ke Birmingham, muna ce masa Kawu. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan, shi ya saya mini rigar sanyi. Ƙarshen mako nakan hau bas zuwa Birmingham in ci tuwon gidansa. Wata rana muna cikin ci ya ce abokinsa na zuwa farautar barewa, amma tun da ya koma harsashi mai nauyi ya daina samun saiti, sai harsashin ya yi ta wuntsilawa a iska.

"Kai da kake jami'a, me ke jawo haka?"

Nan bakina ya buɗe. Na ce a cikin bututun bindiga akwai zane a murɗe, shi ke juya harsashi, kuma in harsashin ya ƙara tsawo da nauyi dole murɗin ya ƙara matsewa kafin ya tafi a miƙe. Har da zana masa da yatsa a bakin faranti. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Daga bayani aka koma lissafi, daga lissafi aka kawo mini ƙarfe in gyara a injin makaranta. Na san a ƙasar nan ba lasisi ba bindiga. Tambayar ta sha zuwa bakina. To amma yaya za ka ci tuwon mutum, yana ce maka ɗana, ka ce ya nuna maka takarda? Kunya ta hana ni, na yi aikin.

Ba barewa aka harba ba. Wani direban tasi aka samu a ƙugu, mutumin da ban taɓa gani ba sai a kotu, a keken guragu. Kawu ya rantse shi ma yaudararsa aka yi, aka sallame shi. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba.

Masanin bindigogi ya ɗaga bututun a gaban alƙali ya ce wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Wallahi da ya faɗi haka sai da wani ɗan daɗi ya ratsa ni, ga direban zaune a gabana. Duk zamana a kurkuku wannan daɗin nake juyawa, na kasa gane wane irin mutum ne ni.

Yanzu an sake ni, karatu ya tafi, ana shirin mayar da ni gida. Na tuba, ina roƙon Allah ya sa direban ya yafe mini. Ku ƙannena da ke karatu a nan, in an nemi iliminku ku tambayi me za a yi da shi, ko da mai furfura ne ya nema. Ku gaishe shi, ku rusuna, sannan ku tambaya.

Ɗazu mahaifiyata ta kira. Ta ce kafin in taho in je in ba Kawu haƙuri, don na ambaci sunansa a gaban alƙali. Na ce mata to. Har yanzu ina riƙe da wayar, ban san wa zan kira ba, Kawu ko direban.